Ma'aikacin da Ba Ya Cin Tuwo

Ga kacici-kacici, mai karatu, kuma kada ka yi saurin ba ni gari. Akwai wani ma'aikaci da Turawan haƙar kuza suka ɗauka aiki a kan tsaunukan Jos tun shekarun 1920. Ba ya cin tuwo, ba ya bin layin karɓar kuɗin mako, kuma ba a taɓa rubuta sunansa a littafin helma ba. Dare da rana yana bakin aiki, ba tari, ba hayaƙi. Ya fara juya manyan injuna tun birnin Kano bai ga ƙwan lantarki ba. Mutumin Gwaram kuwa ya san ɗan'uwansa farin sani, don ta ƙofar gidansa yake wucewa. Wane ne wannan?

Kafin mu fara kamen waɗanda ake zargi, bari in gaya maka abin da ya haɗa Gwaram da Jos a wannan shari'a. Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram ya san duwatsun nan da ke tasowa kwatsam daga cikin gonaki, na Birnin Kudu kanta, da na Kila, da na Fagam. Masana duwatsu sun ce zuriyarsu ɗaya da na Ningi, da Riruwai, da Jos, jeri ne da ya miƙe har Damagaram da Azbin. A cikin wannan zuriya ake samun kuza. Kakanninmu sun san da ita tun kafin Bature ya zo. Maƙeran Riruwai da na Liruwen Dalma suna narka ta da gawayi da zugazugi, su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. Waɗannan tsinkaye ne suka shiga idon Kamfanin Neja, ya aiko mutanensa a 1902 da 1903 su bi sawu har tushe. Sawun ya kai su kogin Dilimi da Naraguta. Kafin 1912 kamfanoni sun yi wa tsaunukan rubdugu, 'yan ci-rani daga ƙasar Kano da Zazzau da Bauchi da Barno suna ta kwarara zuwa bariki.

To, a nan matsalar ta kunno kai. Kuzar da ke sama-sama a bakin rafi ba ta da wuyar ɗiba. Mai yawan tana can ƙasa, a tsoffin hanyoyin ruwa da ƙasa ta binne tun fil'azal. Kafin ka kai gare ta sai ka yaye tulin ƙasa, ka kwashe ruwan da ke tsattsafowa cikin ramin, ka hau da tsakuwar sama. Wannan aikin ƙarfi ne. Ƙarfin wa?

Na farko da za mu gurfanar shi ne ɗan Adam, kuma shaidu a kansa sun yi yawa. Ka dubi ramin kuza na wancan zamani. Mutum ɗaya na sara da diga, na biyu na lodi da shebur, na uku ya sunkuya a aza masa kwanon sarki a ka, jar laka na zubo masa ta wuya. Ya bi siririyar hanya ya hau gaɓa, ya juye, ya sauko, wani na biye da shi, har rana ta faɗi. A farkon lamari ma ita kanta kuzar a ka ake ɗaukar ta, tafiyar kwana da kwanaki zuwa Loko a bakin Binuwai, inda jirgin ruwa ke jira. In ka ce da ƙashin wuyan talaka aka kafa wannan masana'anta, ba ka faɗi ƙarya ba. Sai dai kacici-kacicinmu ya ce ba ya cin tuwo. Lebura kuwa yana ci, yana gajiya, kuma da hadarin farko ya haɗu sai hankalinsa ya koma gona, ya ɗaure tabarmarsa ya yi gida. Ga shi rami in ya yi zurfi, ruwan da ke shigowa ya fi ƙarfin kwano. Mu sallame shi. Amma a rubuta inda yake kwana, don mai yiwuwa mu sake nemansa.

Na biyu itace ne. Hujjar masu zarginsa mai kyau ce: injin tururi ba ya zaɓen abinci, duk abin da zai ci wuta ya tafasa ruwa ya ishe shi, kuma jiragen ruwan da ke bin Kwara da Binuwai a wancan zamani da itacen bakin kogi suka sha yin tafiya. Me zai hana a Jos? Abin da zai hana shi ne Jos ɗin kanta. Wanda bai taɓa hawa ba yana zaton daji ne mai duhu. Fili ne fetal, ciyawa da duwatsu, itatuwa jefi-jefi a bakin rafuka. Ɗan abin da ke akwai kuma dubban leburori na rububinsa don girki da jin ɗumi, ka san sanyin Jos ba ya wasa. Ƙasar da itacen dafa tuwo ya zama abin saye da tsada, ina za ta ciyar da tukunyar ƙarfe mai haɗiye kaya guda kafin ka juya? Itace ya fita. Saura babban mai laifin da kowa ke nunawa da yatsa.

Kwal.

Na san tun ɗazu shi ne a bakinka. Haka aka koya mana a makaranta: juyin masana'antu ya tashi a Ingila, James Watt ya gyara injin tururi, kwal ya ci wuta, duniya ta canza. Kuma Nijeriya na da nata. An gano shi a ƙasar Udi a 1909, aka fara haƙa wajen 1915, garin Inugu ya tsiro a kansa, aka ja layin dogo zuwa Fatakwal a 1916. Da shi jiragen ƙasarmu suka yi ta tafiya shekara da shekaru. Lokaci ya dace, wuri ya dace, ƙarfi kuwa ba a magana. In da alƙali mai gaggawa ne da tuni ya buga guduma.

Amma mu ɗauko taswira mu bi buhu ɗaya na kwal daga Inugu zuwa Bukuru, a ce a 1922. Layin dogon gabas bai iso Arewa ba tukuna. Sai kwal ya gangara kudu zuwa Fatakwal, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ikko, a sake loda shi a jirgin ƙasa ya hauro ta Ibadan da Jebba da Kaduna har Zariya. A Zariya kuma a sauke shi, domin layin da ya tashi daga can zuwa tsaunuka, wanda ya isa Jos da Bukuru a 1914, ƙarami ne, faɗinsa ƙafa biyu da rabi kacal, taragun babban layi ba sa hawansa. A sake lodi, ɗan jirgin ya yi ta nishi yana hawan tudu. Kowane sauke-lodi kuɗi ne. Sai a 1927 babban layi ya iso Jos ta Kafanchan, kuma ko a lokacin babu gada a Makurɗi, a kan jirgin fito ake haye da taragu har zuwa 1932. Kwal ya iso, ba a ce bai iso ba, wasu injunan tururi sun ci shi. Sai dai ya iso da tsadar da ke cinye ribar kuza.

Akwai kuma wata shaida da ta wanke shi. Inda kwal ya fi zama dole shi ne wurin narka ƙarfe, su kuwa kamfanonin ba a nan suke narkawa ba. Baƙin yashin kuza suke durawa a buhuna su aika Ingila, sana'ar maƙeran Riruwai da Liruwen Dalma ta mutu tana ji tana gani, kuma sai farkon shekarun 1960 aka gina matatar Makeri a Jos. Abin da ake buƙata a filin haƙa shi ne abin da zai juya famfo. Sannan ka tuna sharaɗinmu. Ba ya hayaƙi.

To ko man dizal ne? An yi amfani da shi, gaskiya, musamman a ramukan da ke nesa. Amma a lokacin ko ɗigo ɗaya ba a haƙowa a ƙasar nan, sai 1956 aka dace da mai a Oloibiri. Kowace ganga daga ƙetare take zuwa, ta bi wahalalliyar hanyar nan da kwal ya bi. Shi ma yana tari, yana hayaƙi.

Mutum ya fita. Itace ya fita. Kwal da mai sun yi tsada. Ga shi injuna na juyawa. Wani na juya su.

Idan bincike ya cije, sai a koma wurin da abin ya faru a sake dubawa a hankali. Mu koma bakin ramin, mu tsaya kusa da mai wankin kuza. Ya ɗebo tsakuwa a ƙwarya, ya tsoma ta a rafi, yana juyawa yana karkatawa. Laka ta narke ta tafi, farin yashi ya bi ta, sai wani baƙin gari mai nauyi ya kwanta a gindin ƙwaryar yana ƙyalli. Kuza ta ninka yashi nauyi fiye da sau biyu, shi ya sa take zama, shi yake tafiya. Abin da kamfani ya yi bai wuce faɗaɗa wannan ƙwarya ba: dogon kwararo na katako, a zuba tsakuwa ta sama, a saki mai wanki ya bi ta kai. Tun ranar farko yana wurin. Mun gan shi a cikin rami yana hana aiki, mun gan shi a kwararo yana wanki, ba mu tambaye shi komai ba, don mun ɗauke shi ɗan aike.

Yana gabanmu. Ya jiƙa mana ƙafa ma.

Ruwa ne.

Kada ka ce an yi maka wayo, mai karatu, don ba kowane ruwa ba. Tudun Jos ya haura mita 1,200 daga doron teku, kuma yana samun ruwan sama fiye da ƙasashen da ke arewa da shi. Ta kudu da yamma tudun ba ya sauka a hankali, yankewa yake yi, gangare mai tsayi kamar an sare da gatari. Rafukan da suka taru a sama in sun iso wannan baki ba su da zaɓi sai su faɗa. A nan injiniyoyin kamfani suka ga abin da suke nema. Wajen 1923 masu haƙar kuza suka kafa tashar farko a Kwall, ƙasar Irigwe, yamma da Jos, mai ƙarfin kimanin megawat 2. A 1929 aka kafa kamfanin NESCO, ya kama gangaren Kurra a yankin Barikin Ladi, daga baya ya ƙara wasu tashoshi a Jekko, ƙasa da Kurra, don ruwan da ya gama aiki a sama ya sake yin wani kafin a sake shi. Birnin Kano, da duk arzikin gyaɗarsa, sai a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ya samu ruwan famfo da lantarki. Tashar lantarki ta Kainji kuwa sai 1968.

Yadda abin ke aiki ya cancanci a tsaya a kalla, don ni dai har yau yana burge ni. A can sama ake tare rafi, a karkatar da shi cikin magudana ya bi gefen dutse a kwance, ba a bar shi ya sauka ko taku ɗaya a banza ba. In ya iso daidai bakin gangare sai a tura shi cikin ƙaton bututun ƙarfe da ya miƙe tsaye har gindin dutse. Duk nauyin ruwan da ke cikin bututun yana danne na ƙasa. A can gindi sai a bar masa 'yar ƙofa. Ya fito da ƙarfin da zai iya karya hannun mutum, ya daki farfela, farfela ta juya janareta, wayoyi su ɗauki wutar su bi turaku su ratsa fili har Bukuru da Ropp da sauran barikoki. Lissafin ba shi da wuya: ruwa lita 1,000 a kowace daƙiƙa, in ya faɗo daga tsayin mita 100, ƙarfinsa ya kusa megawat 1. In tsayin mita 1 ne, kashi ɗaya cikin ɗari kawai za ka samu. Ka ga indararo da damina, yadda yake haƙa rami a gindin bango, alhali ruwan da ya fi shi yawa yana kwance lamo a tsakar gida bai ture ko tsinke ba.

Da wutar ta isa rami sai wani abin mamaki ya faru: ruwa ya koma yana yaƙar ruwa. Wanda ya faɗo a Kurra shi ke juya famfon da ke zuƙe wanda ya cika rami a Bukuru. Shi ke ba mesa ƙarfin feshin da ke rusa gaɓa ta zama kunu, shi ke juya famfon tsakuwa da ke tura kunun sama zuwa kwararo. Daga baya aka kawo manyan injunan yaye ƙasa masu dogon wuya da guga, su ma lantarki suke ci. Tafkunan nan da ka gani birjik tsakanin Jos da Barikin Ladi, masu ruwa kore shar da ke cin mutane da dabbobi har yau, sawun wannan aiki ne.

Kuma in ka duba da kyau, labarin da aka ba mu na Ingila ma an taƙaita shi ne. Masaƙar farko ta Richard Arkwright a Nottingham dawaki ne ke juya ta. Da ya ga abin ba zai kai ba, sai ya koma Cromford a 1771 ya kafa ta a bakin rafi, ruwa na juya ƙaton gargare. Shekaru da dama bayan Watt, masaƙu masu yawa ruwa suka dogara da shi, har akwai wuraren da aikin injin tururi bai wuce ya ɗebo ruwan da ya gangara ya mai da shi sama ya sake faɗowa kan gargaren ba. Sai wajen shekarun 1830 tururi ya yi rinjaye a masaƙun auduga. A Amurka ma garin Lowell a kan gangaren kogin Merrimack ya tashi. Abin da ya ba kwal nasara a ƙarshe shi ne ana iya ɗaukarsa a kai shi cikin gari inda ma'aikata suke, gangaren ruwa kuwa sai dai ka je ka same shi. A Jos waya ce ta warware wannan, ta ɗauko ƙarfin gangaren ta kai shi bakin rami.

Saura ɗan'uwan nan da na ce yana wucewa ta Gwaram. Ruwan saman da ya sauka a tudun Jos rabuwa yake yi. Wani ya nufi kudu da yamma, ya faɗa ta su Kurra da Kwall ya tafi neman Binuwai da Kwara. Wani kuma ya nufi arewa maso gabas ta Dilimi, wato rafin da aka fara wanke kuza a cikinsa, ya zama kogin Bunga, ya ratsa ƙasar Ningi da ta Gwaram, ya zama Jama'are, ya haɗu da na Haɗeja su nufi tafkin Chadi. Hadari ɗaya ya haife su. Amma kafin na arewa ya iso Gwaram ya riga ya sauke tsayinsa kaɗan-kaɗan a doguwar tafiya, ya baje a kan yashi. Da damina yana da yawan da zai cinye gona ya yanke hanya, da rani kuwa ya janye ya bar rairayi da 'yan kududdufai, masu lambu na bin sa da injin ban-ruwa. Yawa yana da shi, faɗowa ce babu. Abin da ya sa ke nan ba ka ga gargaren niƙa a bakin kogunanmu ba, aikin ya zauna a kan dutsen niƙa da turmi da hannun mata, har ranar da injin niƙa mai shan dizal ya shigo kasuwannin ƙauye.

Shari'a ta ƙare ke nan? Da saura. Mai karatu mai lura zai ce: tsaya, malam, ka ce dare da rana yake aiki. Jos ma ai tana da rani. Daga Nuwamba zuwa Maris sama ba ta ba da komai, rafukan tudu su ƙanƙance su zama zare. Wa ke juya farfela a watan Fabrairu?

Tambayar ta kama ni daidai wuya, kuma ita ce ta kama kamfanonin. Ƙarancin ruwan rani shi ne ciwon da ya yi ta damun tashar Kwall. Magani ɗaya ne: a kama ruwan damina a ɗaure shi, a riƙa sakinsa da awo har wata daminar. Wato madatsa. Madatsa kuwa tudun ƙasa ne da dutse, ba ya tara kansa.

A aika a kira mana wanda muka sallama da farko.

A Fabrairun 1942 Japan ta ƙwace Singafo, bayan ta mamaye Malaya, wadda ta fi kowace ƙasa haƙo kuza a lokacin. Ana tsakiyar yaƙi, ana neman kuza ido rufe don gwangwani da dalmar haɗa waya da kayan injuna. Sai kallo ya koma Jos. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar aikin tilas, aka yanka wa lardunan Arewa adadin mutanen da za su kawo, umarni ya gangaro daga Razdan zuwa sarki, zuwa hakimi, zuwa dagaci, har ƙofar talaka. Mutane suka sa wa abin suna diban gwamna. Dubun dubatar manoma aka kwasa zuwa tudu na watanni, da yawansu da 'yar riga ɗaya, ba su taɓa sanin sanyi irin wannan ba. Abinci bai isa ba, ɗakunan kwana a cushe, ciwon ƙirji da gudawa suka yi ta ɗauka. Masu gudu suka yi ta gudu cikin dare.

Ƙarin kuza na nufin ƙarin lantarki, ƙarin lantarki na nufin ƙarin ruwan ajiya. Don haka aka tura wani kaso na waɗannan bayin Allah Tenti, sama da Kurra, su tayar da madatsa da diga da shebur da kwanon sarki. Masanin tarihi Bill Freund, wanda ya rubuta littafi a kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuzar Nijeriya a 1981, ya nuna cewa wurin yana cikin inda mace-mace suka fi muni. Abin ya yi ƙamari har maganar ta kai majalisar dokokin Ingila, aka soke dokar a 1944. Madatsar Tenti na nan, tana tara ruwan damina tana sakar wa Kurra da rani, kuma NESCO na sayar da wutar har yanzu.